Wanda Ya Yi Kuka da Allah Bai Bar Allah Ba

A ƙarshen babi na farko na Littafin Rut, wata dattijuwa ta shigo Baitalami bayan kimanin shekara 10 a ƙasar Mowab. Yunwa ce ta fitar da ita tare da mijinta Elimelek da 'ya'yansu maza biyu, Malon da Kiliyon, kuma kabari uku ta baro kafin ta kamo hanyar gida. Gari ya ɗauka, mata suka fito suna dubanta suna tambayar juna ko wannan ce Na'omi, domin baƙin ciki yakan sauya kamannin mutum har tsofaffin ƙawaye su yi shakka. Amsar da ta ba su ba irin wadda ake so a ji daga bakin mai tsoron Allah ba ce. Ta hana su kiranta da sunanta, ta ce su riƙa ce mata Mara, wato mai ɗaci. Ta ce a wadace ta fita, Ubangiji ya komo da ita hannu wofi. Ta ce shi ya tsaya shaida a kanta, shi ya jawo mata masifa. Sau huɗu ta ambaci Allah a cikin ayoyi biyu kacal, kuma babu ko ɗaya da ta haɗa da godiya. Ku matasa masu karatun Littafi Mai Tsarki, a nan nake so mu tsaya, domin yadda kuka fahimci wannan wuri shi zai nuna yadda za ku riƙe zuciyarku ranar da mutuwa ta shigo gidanku, da yadda za ku riƙe harshenku ranar da ta shiga gidan maƙwabci.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara lura da shi shi ne babu wanda ya tsawata mata. Matan garin ba su toshe mata baki ba. Marubucin littafin, wanda yake da damar sa hukuncinsa a layi na gaba, bai ce ta yi saɓo ba. Abin da ya faɗa kawai shi ne sun iso a farkon girbin sha'ir. Allah kuma, wanda aka ɗora wa laifin a bainar jama'a, bai aiko annabi ya gyara mata magana ba, bai kuma ƙara mata wata azaba ba. Daga nan har ƙarshen babi na 4 alheri ne yake bin ta. Na san da yawa daga cikinku ba haka aka koya muku ba. An koya muku, ko da ba da baki ba, cewa mai bi na ƙwarai ba ya nuna ɗacin rai, cewa duk wanda ya ce Allah ya ƙuntata masa ya soma zamewa daga bangaskiya. A wurin zaman makoki ake ɗaukar wannan darasi, lokacin da gwauruwa ta ɗaga murya sai wata ta dafa kafaɗarta ta ce, "Haba mama, yi shiru mana, ba a tambayar Allah." Mai faɗin haka da kyakkyawar niyya take faɗa, kuma sau da yawa tsoro ne yake sa ta, kada 'yar'uwarta ta furta abin da zai zama mata zunubi. Amma niyya mai kyau ba ta mai da magana gaskiya. Littafin da muke riƙe da shi cike yake da bayin Allah da suka tambayi Allah, suka yi kuka da shi, wasu har suka tuhume shi, kuma ya karɓe su.

Akwai tsohuwar hanya ta kauce wa nauyin maganar Na'omi, ita ce a nemo mata laifi. Malaman Yahudawa na dā, a cikin Talmud, sun ce an hukunta Elimelek ne saboda babban mutum ne mai hali da ya gudu ya bar jama'arsa cikin yunwa. Tsohuwar fassarar littafin cikin harshen Aramiya ta ƙara bayani cewa an gajarta kwanakin 'ya'yan ne don sun auri matan Mowab. Matthew Henry, mai sharhin nan na Ingila da ya rasu a 1714, wanda fastoci da yawa suke dogara da shi har yau, shi ma ya ga ƙaurar Elimelek abu ce mai wuyar kārewa. Daga nan wa'azi ya samu hanya mai sauƙi: sun bar ƙasar alkawari, Allah ya hore su, Na'omi kuwa tana girbin abin da gidanta ya shuka ne, don haka kukanta taurin kai ne. Matsalar wannan fassara ita ce littafin kansa bai faɗe ta ba. Ya ce an yi yunwa, ya ce sun tafi, ya ce sun mutu, bai ɗaura ɗaya da ɗaya da kalmar hukunci ba. Ibrahim ya gangara Masar lokacin yunwa. Annabi Elisha da bakinsa ya umarci matar nan ta Shunem ta kwashi iyalinta ta bar ƙasa saboda yunwar shekara 7. Dawuda ya kai iyayensa Mowab ɗin nan don su tsira daga Saul. Auren Bamowabiya da aka ce shi ya kashe Malon kuwa, shi ne auren da Bo'aza ya yi da Rut, matar Malon ɗin, a gaban dattawa 10 a ƙofar gari, aka sa masa albarka, kuma daga cikinsa Dawuda ya fito. In an ce ɗaya zunubi ne mai kisa, ɗaya kuma albarka, sai an yi wa nassi dole.

Me ya sa mutane suke ɗokin nemo laifin wanda masifa ta faɗa wa? Saboda hakan yana kwantar wa mai kallo hankali. In Elimelek ya mutu don kuskurensa ne, to ni da ban yi irin kuskurensa ba na tsira. Wannan shi ne ciwon abokan Ayuba. Elifaz da Bildad da Zofar sun fara da kyau: sun zo daga nesa, sun yayyage tufafinsu, sun zauna a ƙasa tare da shi kwana 7 babu wanda ya ce uffan. Ɓarnar ta soma ne da suka buɗe baki. Mutumin da ya binne 'ya'ya 10 ya la'anci ranar haihuwarsa, ya ce zai yi magana cikin ɗacin ransa, ya ce Allah ya mai da shi abin bārata, sai su kuma suka tashi kāre Allah. Bildad har ya kai ga nuna cewa 'ya'yan sun mutu ne saboda zunubinsu. Maganganunsu suna da tsari, wasu ma in aka tsame su daga wurinsu sai a ɗauka karin magana ce mai kyau. Amma a babi na 42 Allah ya ce ya husata da Elifaz da abokansa biyu, don ba su faɗi abin da yake daidai game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi, ya kuma sa suka kawo bijimai 7 da raguna 7, Ayuba ya yi musu addu'a. Mai ƙin wannan hujja zai ce ai Ayuba ma an yi masa tambayoyi daga cikin guguwa har ya ƙasƙantar da kansa cikin ƙura da toka. Gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye ba. Allah ya nuna masa iyakar saninsa. Sai dai ku dubi wanda aka yi wa doguwar magana fuska da fuska, da waɗanda aka aika su nemi roƙo. Ubangiji Yesu ya rufe wannan ƙofa sarai sa'ad da almajirai suka tambaye shi ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, da kuma sa'ad da ya yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa: ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutane laifi.

Ba Ayuba kaɗai ba ne. Hannatu ta tsaya a Shilo cikin ɗacin rai, leɓunanta na motsi ba a jin murya, har Eli firist ya ɗauka ta bugu ne, kuma addu'ar nan ce ta haifi Sama'ila. Irmiya ya ce wa Allah ya ruɗe shi. Cikin Zabura 150, kimanin kashi ɗaya bisa uku kuka ne da ƙorafi, kuma waƙoƙin sujada ne da aka rera a gaban jama'a. Galibinsu sukan juya zuwa yabo kafin su ƙare, amma Zabura ta 88 ba ta juya ba, a cikin duhu ta tsaya, kuma waɗanda suka tattara littafin ba su cire ta ba, ba su kuma liƙa mata ƙarshe mai daɗi ba. Littafin Makoki, wanda aka rubuta bayan Babila ta rushe Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, yana da wani abu da ya kamata ku sani: huɗu daga cikin babinsa biyar an tsara su ne bisa jerin haruffa 22 na Ibrananci, daga na farko har na ƙarshe. Wato mutanen da aka ƙone musu Haikali sun zauna sun ba baƙin cikinsu tsari, sun faɗe shi kaf, don kada wani ɓangare ya saura a ciki yana ci. Malamin Tsohon Alkawari Walter Brueggemann ya yi gargaɗi a wata maƙala ta 1986 cewa ikilisiyar da ta yar da irin wannan addu'a takan koya wa mutanenta su riƙa yi wa Allah murmushin da bai kai zuci ba. Duk wanda ya lura da yadda waƙoƙinmu na sujada suka karkata ga murna da nasara kaɗai zai gane abin da yake nufi.

Yanzu ga hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan abin da nake faɗa, kuma ba zan raina ta ba. Isra'ilawa sun yi gunaguni a jeji, aka hukunta su, Bulus kuma ya ja kunnen Korantiyawa kada su yi irinsa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta yi kashedi game da saiwar ɗaci da kan tsiro ta ƙazantar da mutane da yawa. Wasiƙar Afisawa ta ce a kawar da kowane irin ɗacin rai. To ina bambancin? Babi na 11 na Littafin Ƙidaya ya ajiye abubuwan biyu kusa da kusa, kamar don a gwada. Jama'a suna kuka a ƙofofin alfarwansu, suna tuna kifi da kankana da albasa da tafarnuwar Masar, suna raina mannar da ake ba su. A wannan babin dai Musa ya juya wurin Allah da magana mai zafin da ta fi tasu: ya tambaya me ya sa aka wahalshe shi haka, ko shi ya ɗauki cikin mutanen nan, ya ce in haka za a ci gaba gara a kashe shi. Jama'a suka samu annoba, Musa kuwa ya samu dattawa 70 da za su taya shi ɗaukar kaya. In da zafin kalma ne ma'auni, da Musa ne ya fara faɗuwa. Abin da ya raba su shi ne inda kowa ya dosa. Su zuciyarsu ta riga ta koma Masar, kuma a babi na 14 suka fito fili suka ce a naɗa shugaba a juya. Shi kuwa ba shi da wani wurin zuwa sai gaban wanda yake kuka da shi. Saiwar ɗacin da Ibraniyawa ta ambata ma daga Maimaitawar Shari'a babi na 29 aka ɗauko ta, kuma a can ana maganar mutumin da zuciyarsa ta juya ga waɗansu alloli ne. Ɗacin da ke cikin Afisawa kuwa an jera shi tare da hasala da fushi da tankiya da yanke, wato abin da mutum yake yi wa ɗan'uwansa. Babu ɗaya cikinsu da yake magana a kan hawayen wadda ta binne 'ya'yanta.

Mai karatu mai kaifin ido zai ce: to amma Na'omi ba addu'a ta yi ba. Musa da Hannatu da Allah suka yi magana, ita kuwa matan gari ta faɗa wa. Haka ne, kuma ba zan mai da ita waliyyiya ba. Akwai abin da baƙin ciki ya ɓata mata. Ta ce ta dawo hannu wofi alhali Rut, surukarta, tana tsaye a gefenta, yarinyar da ta bar uwa da uba da ƙasa ta rantse ba za ta rabu da ita ba sai mutuwa. Ku yi tunanin yadda wannan kalma ta sauka a kunnen Rut. A kan hanya ma, da Orfa, ɗaya surukar tata, ta juya, Na'omi ta ce wa Rut ta bi ta zuwa ga mutanenta da allolinta, shawarar da ba za a yaba ba. Da Rut ta yi rantsuwar nan da ake karantawa a wuraren ɗaurin aure, uwar mijin ba ta ce na gode ba, shiru kawai ta yi. Baƙin ciki yakan ƙuntata ido har mutum ya daina ganin wanda ya rage masa. Amma ku dubi ƙafafunta. Labari ta ji cewa Ubangiji ya ziyarci mutanensa ya ba su abinci, ta tashi ta nufi can. Da za ta sallami matan 'ya'yanta, da sunan Ubangiji ta sa musu albarka, ta roƙa musu alheri da hutawa a gidan miji, wato har yanzu ta gaskata yana da alherin da zai bayar, ko da tana ganin ita an hana ta. Ba ta ce maita ce ba, ba ta ce surukanta ne masu farar ƙafa ba, ba ta nemi Kemosh allahn Mowab ba. Wanda ya daina gaskatawa da Allah ba ya tsayawa tuhumarsa, sai dai ya kama gabansa. Zafin maganarta ya fito ne daga tabbacin cewa rayuwarta a hannunsa take, kuma daga gare shi ta sa rai da abin da ya fi haka.

Wasu za su ce duk wannan Tsohon Alkawari ne, mu kuwa muna bayan tashin Almasihu, don haka makoki bai kamace mu ba. Yesu ya san zai ta da Li'azaru cikin ɗan lokaci kaɗan, amma ya tsaya a Betanya ya yi hawaye, kuma bai tsawata wa Marta da Maryamu ba da kowaccensu ta ce masa da yana nan da ɗan'uwansu bai mutu ba. A kan gicciye, da farkon Zabura ta 22 ya yi kira, tambayar wanda yake jin an yashe shi. Masu ibada da suka binne Istifanas sun yi masa makoki mai yawa. Bulus ya ce da Abafroditus ya mutu da baƙin ciki ya haɗu masa kan baƙin ciki, kuma abin da ya hana Tasalonikawa shi ne irin baƙin cikin marasa bege, bai hana su baƙin ciki ba. Manyan malaman ikilisiya ma sun yi fama da wannan. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya ba da labarin mutuwar mahaifiyarsa Monika a Ostiya a shekara ta 387: ya danne hawayensa, aka hana ɗansa Adeodatus kuka, ya halarci jana'iza da busassun idanu don yana ganin haka ya dace da mai bi, sai ciwon ya ninku, har sai da ya kaɗaita ya saki hawayen a gaban Allah kafin ya samu sauƙi. Martin Luther, da 'yarsa Magdalena ta rasu a hannunsa a 1542 tana da shekara 13, ya yi mamakin yadda ya tabbata tana cikin salama amma zuciyarsa ta ƙi daina ciwo. Abu biyun suna zama a zuciya ɗaya, kuma ɗaya ba ya ƙaryata ɗaya.

Yadda Allah ya amsa wa Na'omi shi ne wurin da na fi so ku daɗe a kai. Bai yi mata bayani ba. A cikin littafin duka, sau biyu kawai marubucin ya ce Ubangiji ya yi wani abu kai tsaye: ya ba mutanensa abinci a farko, ya ba Rut ciki a ƙarshe. Duk abin da ke tsakani hannun mutane ne. Akwai doka a Littafin Firistoci da Maimaitawar Shari'a da ta hana mai gona girbe gefen gonarsa ko komawa ya tsince abin da ya zuba, don a bar wa matalauci da baƙo da maraya da gwauruwa. Rut ta fita kala da sassafe, Na'omi kuwa ko ƙarfin ba ta shawara ba ta da shi, cewa kawai ta yi ta tafi. Bo'aza, mai gonar, ya wuce abin da doka ta ce: ya hana samarinsa taɓa ta, ya ce ta sha daga tulunansu, ya kira ta cin abinci ya miƙa mata gasasshen hatsi, ya kuma umarci masu girbi su riƙa zare zangarniya daga dami suna yar mata da gangan. Da yamma ta sussuka abin da ta tara, ya kai efa guda na sha'ir, abin da ya haura kilo 10, ta ɗauko ta shigo gari. Sai ta fito da ragowar abincin ranar da ta ɓoye bayan ta ƙoshi, ta ba uwar mijinta. A nan ne bakin Na'omi ya buɗe. Matar da ta ce Ubangiji ya tsaya shaida a kanta, ita ce yanzu take sa wa Bo'aza albarka da sunan Ubangiji, tana zancen alherin da bai rabu da masu rai da matattu ba. Babu wa'azin da ya shiga tsakanin maganganun nan biyu. Hatsi ne ya shiga, da yarinyar da ta tuna da ita a tsakiyar rana. Daga baya Bo'aza ya auna wa Rut awo shida na sha'ir ya ce kada ta koma wurin uwar mijinta hannu wofi, kamar dai ƙorafin da aka yi a ƙofar gari ya kai kunnen da ya kamata.

Kada kuma ku karanta ƙarshen labarin kamar an biya ta diyya an rufe littafi. Matan gari sun ce an haifa wa Na'omi ɗa, sun ce Rut ta fi mata 'ya'ya maza bakwai, ta ɗauki Obida ta rungume ta zama mai renonsa. Amma Elimelek bai dawo ba, Malon da Kiliyon suna kwance a Mowab. Ba ta kuma san cewa jaririn nan shi ne zai haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda, har sunan surukarta ya shiga jerin kakannin Almasihu a farkon Bisharar Matiyu ba. Mu masu karatu ne muka san wannan. Shi ya sa bai kamata a yi gaggawar jefa wa mai makoki ayar nan ta Romawa 8 da ke cewa kome yana aiki tare domin alheri ba. Ayar gaskiya ce, amma wadda ke tsaye a babi na farko ba ta ga babi na huɗu ba, kuma ba laifinta ba ne.

Duk da haka haɗarin da masu tsoron ɗaci suke hange na gaske ne, kuma a ƙasarmu ba sai an yi dogon bayani ba. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta ga an sace 'yan mata 276 a Chibok a watan Afrilu na 2014, galibinsu 'ya'yanta, ta kuma ga an ƙwace hedkwatarta a Kwarhi a watan Oktoba na shekarar; Musulmi maƙwabtansu su ma sun binne nasu ba adadi. Akwai samari a cikinku da suka girma ba uba saboda irin wannan. Wanda aka ce masa ya yi shiru, kada ya tambayi Allah, ɗacin nasa ba ya gushewa, wuri yake sauyawa. Maruru ne da aka rufe da tsumma maimakon a matse shi: sama ta yi kyau, ciki yana ruɓa. Yakan fito a kan mata da yara, ko a cikin kwalba da ƙwaya, ko a kan wata ƙabila ko wani addini gaba ɗaya, har yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba ya zama abokin gaba. Wannan ita ce saiwar da ke ƙazantar da mutane da yawa. Masu Zabura sun faɗi abubuwa masu ban tsoro game da maƙiyansu, amma a gaban Allah suka zube su, suka bar ramuwa a hannunsa, abin da Bulus ya umarci Romawa ke nan. Don haka in kana cikin wannan hali, ga abin da za ka auna kanka da shi. Kana kai ƙarar wurin Allah, ko ka daina yi masa magana? Kana iya roƙa wa wani alheri, ko murnar kowa ta zama maka ƙaya? Akwai wata Rut a gefenka, uwa ko ƙanwa ko aboki, da kake ce wa ba ka da kowa a gabanta? In ba ka da kalmar addu'a, buɗe Zabura ta 13 ko ta 88 ka karanta da murya, an ajiye su ne domin irin ranarka. In Lahadi ta zo ka je sujada ko da ba za ka iya rera waƙa ba. In kuma abin ya kai ga ba ka barci, ba ka cin abinci, ko kana tunanin hallaka kanka, ka faɗa wa fasto ko wani babba da ka amince da shi, ka kuma ga likita. Wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

Ku kuma da mutuwa ba ta taɓa ba tukuna, aikinku ya fi sauƙin faɗa. In kun je gaisuwa, ku zauna, ku rage magana. In mai makoki ya furta abin da ya ba ku tsoro, kada ku yi gardama da shi, kada ku kai labarinsa waje, kada kuma ku nemo masa dalilin da Allah bai bayyana ba. Makon farko gida cike yake da mutane, ba a nan aka fi bukatarku ba. Ku ƙirga wata uku, lokacin da aka kwashe rumfa da kujeru, 'yan'uwa na nesa suka koma, kuɗin makarantar yara ya taso. Ranar nan ku auni masara ko shinkafa gwargwadon ƙarfinku, ku je ku yi sallama, ku tambayi wane aiki ne a gona ko a gida ya rasa mai yi.